Daga Ganyen Kalgo zuwa Robar Gansakuka

Kafin leda ta shigo ƙasar Zamfara, maƙunshin kaya daga daji yake fitowa, ƙasa kuma yake komawa. A ƙauyukan Magami, kan hanyar Gusau zuwa Ɗansadau, da ganyen kalgo ake ƙunshe daddawa, a ƙwarya ake dama fura. In sun gama aiki a watsar a juji, damina ta ruɓar da su, da bazara a ɗora wa jakuna zuwa gona. Juji a wancan zamani dukiya ne.

A Ingila aka gano sinadarin leda a 1933, kamfanin Celloplast na Suwidin ya yi rajistar jakarta a 1965, sannan fiya-wata ya yaɗa ta lungu-lungu a Nijeriya tun daga shekarun 1990. Ƙananan halittun ƙasa ba su iya cin ta. Rana ce kawai ke ƙeƙasar da ita ta farfashe, ɓurɓushin ya zauna. Shi ya sa manomi ke kai taki gona haɗe da abin da ba zai taɓa zama taki ba, mahauta kuma suke zaro ta dunƙule daga tumbin awaki.

Abin mamaki, ɗaya daga cikin magungunan da masana ke gwadawa tsohon abincin maƙwabtanmu ne. Matan Kanembu na yankin Tafkin Chadi sun daɗe suna kwasar gansakukar sifirulina, su shanya ta a kan yashi, su yi miya da ita. Dihe suke kiran ta. A 2023 masu bincike a Jami'ar Washington ta Amurka suka matse garinta da zafi ya zama roba, wadda ke ruɓewa a juji cikin kusan lokacin da ɓawon ayaba ke ɗauka.

Ruɓewar tata irin ta ganyen kalgo ce. Danshi ya ratsa ta, bakteriya da fumfuna su saki sinadaran da ke yanyanka dogayen sarƙoƙin jikinta, su cinye gutsattsarin, a bar ruwa da iskar kabon da taki. Sai dai sharaɗin danshin nan ba ƙarami ba ne a ƙasar da rani ya fi rabin shekara: wadda aka yar da hunturu sai ta jira ruwan fari. Kuma saurin shan danshin da ke ruɓar da ita shi ne ya hana ta riƙe ruwa, alhali ledar fiya-wata na cikin waɗanda suka fi cika jujin namu.