Sana'ar sassaƙa ƙarfe da inji a yankin tafkin Kainji

Tun daga shekarar 1968 da aka kammala gina madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara, rayuwar jama'ar Yauri da Ngaski da Shanga ta ƙara ɗauruwa da ruwa. Tafkin da ya samu ya haɗiye garuruwa da tsibirai da dama, inda aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni.

A yau galibin hanyoyin neman abinci a wannan yanki na jihar Kebbi sun dogara ne a kan inji: na jiragen ruwa masu jigilar fasinja da kaya, da na ban ruwa a gonakin shinkafa da albasa, da kuma na niƙa da casar shinkafa. Idan wani ƙarfe ya cinye a cikin irin waɗannan injuna, kuma babu sabonsa a kasuwa, to wurin masassaƙin ƙarfe ake nufa.

Mene ne aikinsa?

Aikin ya bambanta da na maƙeri, wanda ke narkar da ƙarfe ko ya gasa shi ya buge, da na mai walda da ke haɗa ƙarafa, da kuma na makanike da ke kwancewa ya ɗaura. Shi masassaƙi rage ƙarfe yake yi sannu a hankali har ya kai girman da ake bukata.

Babban kayan aikinsa shi ne inji mai juya ƙarfe da sauri, yayin da wata wuƙa mai tauri ke fiƙe shi. Da shi ake ƙera sandar da ke juya farfela, da mazaunin boris, da haƙoran noti. Akwai kuma wani injin da wuƙar ce ke juyawa, ƙarfen kuma yana ɗaure, wanda da shi ake fitar da haƙoran giya.

Awo shi ne ƙashin bayan sana'ar. Ma'aunin da ake aiki da shi na iya nuna kashi ɗaya cikin 100 na milimita, abin da bai kai kaurin silin gashi ba. Kuskure kaɗan na iya sa inji ya yi zafi, ko ya mutu a tsakiyar ruwa, ko kuma a lokacin da shuka ke tsananin bukatar ban ruwa.

Hanyoyin koyo

Hanya ta farko ita ce wadda aka saba da ita: mahaifi ya kai yaro wurin maigida, ya fara da shara da miƙa kaya, kafin a amince masa ya taɓa inji, har zuwa ranar da za a yaye shi bayan wasu shekaru. Wanda ya bi ta nan na iya yin jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai matakai uku.

Hanya ta biyu ita ce ta makaranta. Ɗalibin da ya gama ƙaramar sakandare na iya shiga kwalejin fasaha na tsawon shekara uku, ya rubuta jarrabawar hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992. Daga nan yana iya neman shiga kwalejin kimiyya da fasaha, irin ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, domin karatun difloma. Hukumar NBTE mai hedkwata a Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ke sa ido a kan tsarin wannan karatu.

Kowace hanya da nata rauni. Ɗan makaranta kan iya karanta zane amma hannunsa bai faɗa ba, yaron shago kuma hannunsa ya ƙware amma lissafi na ba shi wuya. Sana'ar kuwa na bukatar duka biyun.

Matsaloli

Babbar matsalar ita ce wutar lantarki. Duk da cewa tashar Kainji, wadda aka kafa wa injuna masu ƙarfin megawat 760, tana bakin wannan tafki, wutar da take samarwa na shiga babban layin ƙasa ne, inda ake rarraba ta. Mai shago kan koma ga janareta, kuma kuɗin mai ya yi tashin gwauron zabi tun bayan janye tallafi a 2023.

Sai kuma jari. Injunan na da tsada, kuma akasarinsu daga ƙasashen waje ake shigo da su, wasu ma bayan an yi amfani da su. Kamfanin sarrafa ƙarafa na Ajaokuta, wanda aka fara aikinsa tun 1979, bai kai ga wadata ƙasar da ƙarfe ba, don haka masu sana'ar kan nemi tsoffin ƙarafan mota a kasuwanni irin su Panteka ta Kaduna.

Akwai haɗari ma. Inji mai juyawa na iya fizgar hannun riga mai faɗi cikin ƙiftawar ido, ɓarɓashin ƙarfe kuma na iya makantar da wanda bai sa tabarau ba.

Makomar sana'ar

A manyan masana'antun duniya, kwamfuta ce ke sarrafa irin waɗannan injuna, fasahar da aka fara gwada ta a Amurka a farkon shekarun 1950. Matashin da ke hangen aiki a babban kamfani sai ya haɗa da sanin kwamfuta.

Amma a garuruwa irin su Yelwa da Wara, inda aikin yawanci gyaran ƙarfe guda ne ga manomi ko mai jirgin da ke jira a bakin shago, injin hannu da ƙwarewar mai shi ne har yanzu abin dogaro.