Wutar da Ba Ta da Mafita: Tarihin Yaƙi da Zafi a Cikin Kumbo

A ranar 27 ga Afrilu, 2015, wani ƙaramin kamfani mai suna Squad da ke birnin Meziko ya fitar da cikakken nau'in wasan kwamfutarsa, Kerbal Space Program. A wannan wasa mutum yakan ƙera rokarsa da kansa, ya harba ta, ya yi ta fama da dokokin kimiyya har ya kai ga wata duniyar. Tun 2011 jama'a ke buga shi, amma sabon nau'in ya zo da wani baƙon abu: zafi ya fara kisa. Kumbon da a da yake dawowa gida lafiya sai ya riƙa ƙonewa a sararin sama. Injin nukiliya, wanda 'yan wasa suka dogara da shi wajen tafiya mai nisa, sai ya riƙa ɗaukar zafi har ya tarwatse. Ba a cika wata biyu ba sai da kamfanin ya ƙara lagireto cikin kayan da ake haɗa kumbo da su.

Tambayar da ta riƙa fitowa daga bakin 'yan wasa da yawa ita ce: yaya abu zai ƙone a wurin da aka ce babu inda ya kai shi sanyi? Amsarta na cikin tarihin injiniyoyin da suka shafe shekaru fiye da tamanin suna kokawa da wannan matsala, a inda kuskure ba ya gyaruwa da danna maɓalli.

Darasin fulas

Zafi yana barin abu ta hanyoyi uku: ta taɓa wani abu, ta bin iska ko ruwa mai gudana, ko ta fita a matsayin haske, ko da irin hasken da ido ba ya gani. A doron ƙasa hanyoyi biyu na farko ne ke ɗaukar mafi yawan aikin, shi ya sa lagireton mota yake buƙatar fanka. A sararin samaniya kuwa babu iska, babu abin taɓawa. Kumbo ya zama tamkar shayin da ke cikin fulas, kwalbar da James Dewar ya ƙirƙiro a 1892, wadda ke riƙe zafi saboda an zuƙe iskar da ke tsakanin bangayenta biyu. Duk zafin da injin, batir, kwamfuta da jikin mutum suka haifar yana nan a tsare, ga kuma rana tana dukan gefe ɗaya ba tare da inuwar gajimare ba.

Saura hanya ta uku, ita kuma tana da tsauri. Josef Stefan a 1879 da Ludwig Boltzmann a 1884 sun nuna cewa idan zafin abu ya ninka biyu, a lissafin da ke farawa daga matuƙar sanyi, hasken da yake fitarwa yana ninkawa sau 16. Ma'anar haka ita ce ƙarfen da ya yi ja-wur yana zubar da zafi cikin sauri, amma ɗakin da mutum zai iya rayuwa a ciki yana zubarwa a hankali ƙwarai, sai an shimfiɗa masa faranti masu faɗi.

Man da ke sanyaya injin kafin ya ƙone

Matsalar farko ta taso tun roka tana ƙasa. Wutar da ke cikin injin roka na zamani tana kaiwa digiri 3,300 a ma'aunin salshiyos, zafin da ya wuce wanda baƙin ƙarfe ke tafasa. Injinan gwaji na shekarun 1930 sukan narke cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Dabarar da ta ceci lamarin ita ce a bi da man ta cikin bangon injin kafin a kai shi ga wutar, ya kwashe zafin bangon, sannan ya shiga ya ƙone. Masana a Jamus da Tarayyar Sobiyet sun yi aiki a kan haka, a Amurka kuma wani matashin injiniya mai suna James Wyld ya gwada irin wannan injin cikin nasara a watan Disamba na 1938. Kamfanin da ya kafa da abokansa, Reaction Motors, shi ne ya ƙera injin jirgin Bell X-1 da ya fara wuce saurin sauti a 1947.

Rokar yaƙi ta V-2 ta Jamus, wadda dubban fursunoni suka mutu wajen aikin tilas na ƙera ta, ta ƙara wasu dabaru biyu. An gauraya manta na barasa da ruwa kashi 25 cikin ɗari don rage ƙarfin wutar, an kuma huda ƙananan ramuka da ke tsiyayo mai a cikin bangon, ya zama shamaki tsakanin ƙarfe da harshen wuta. Injin F-1 da ya ɗaga rokar Saturn V zuwa wata an gina bangonsa ne da bututai 178 da kananzir ke bi ta cikinsu. Babban injin kumbon Space Shuttle ya kai abin ƙarshe: haidurojin mai sanyin digiri 253 ƙasa da sifili yana gudana ta bututai 1,080, wuta kuma tana ci a ɗaya gefen siririn bango.

A nan ne wasan ya saɓa da gaskiya. Injin roka na ainihi yana watsar da kusan duk zafinsa tare da hayaƙin da yake fesawa, don haka muddin mai yana gudana, injin yana sanyaya kansa. Injin nukiliya na NERVA, wanda Amurka ta gwada a hamadar Nevada kafin a soke shirin a 1973, wanda kuma aka kwaikwaya a wasan, haidurojin da ke ratsa shi ne ke ɗauke zafinsa. Damuwarsa takan zo ne bayan an kashe shi, domin makamashin nukiliya yana ci gaba da fitar da zafi, dole a riƙa tura masa haidurojin lokaci zuwa lokaci. Zafin da ya fi wahalar da injiniyoyi shi ne ƙaramin nan mai naci, wanda ke taruwa dare da rana.

Gashin nama a hanyar wata

Kumbon Apollo ya yi maganin zafin rana da dabara mai sauƙi. A kan hanyar zuwa wata yakan riƙa juyawa a hankali, kimanin sau uku a awa ɗaya, don kada gefe ɗaya ya gasu ɗayan ya daskare. Injiniyoyin da kansu sun yi wa wannan juyi laƙabi da gashin nama. Zafin cikin gida kuwa, a ƙaramin kumbon sauka da kuma jakar bayan 'yan sama jannati, an fitar da shi ne ta hanyar barin ruwa ya ratsa wani faranti mai ƙananan huji, ya daskare, ya tashi ya zama tururi a sararin da babu iska. Ka'idar ɗaya ce da ta randa, wadda ke sanyaya ruwa ta hanyar zufar da take yi. Aibinta shi ne ruwan da ya tafi ya tafi ke nan. Wannan ya isa tafiyar 'yan kwanaki, amma bai isa zaman watanni ba.

Lemar Skylab

Ranar 14 ga Mayu, 1973, aka harba Skylab, tashar sararin samaniya ta farko ta Amurka. Daƙiƙa 63 da tashi, ƙarfin iska ya ɓalle garkuwar da ke lulluɓe da jikinta, wadda ita ce kuma inuwarta. Ɗaya daga cikin manyan farantan hasken rana ya tsinke ya tafi, ɗayan ya maƙale. Tashar ta isa inda aka nufa tsirara, zafin cikinta ya haura digiri 50. Abinci da magunguna da fim ɗin hoto suna gab da lalacewa, ana kuma fargabar abin da aka lulluɓe bangon da shi ya fara fitar da iska mai guba. Masu kula daga ƙasa suka karkatar da ita don ta kauce wa rana, sai wutar lantarki ta ragu. Gaba kura, baya sayaki.

Aka ɗage tafiyar ma'aikatan da kwana goma, cibiyoyin hukumar NASA suka duƙufa neman mafita. Wadda aka fara amfani da ita ta fito ne daga Jack Kinzler, shugaban sashen ayyukan fasaha a cibiyar Houston, mutumin da bai yi jami'a ba. Ya sayo sandunan kamun kifi masu shigewa cikin juna, ya ɗaura musu yadin laimar sauka, ya nuna cewa ana iya tura lema a naɗe ta wata 'yar kafar gwaje-gwaje da ke jikin tashar, ta buɗe a waje. Ranar 25 ga Mayu Pete Conrad da Joseph Kerwin da Paul Weitz suka tashi, washegari suka shiga tashar mai zafi kamar tanda, suka tura lemar mai kimanin mita bakwai a kowane gefe. Ba ta miƙe sarai ba, amma cikin kwanaki kaɗan zafin ya sauka ƙasa da digiri 30. Sun zauna kwana 28, rukuni biyu kuma suka biyo bayansu.

Fukafukan amoniya

Daga nan lagireto ya zama gaɓar da ba a wasa da ita. A Space Shuttle an manna shi ne a cikin ƙofofin ɗakin kaya, don haka buɗe ƙofofin yana cikin ayyukan farko bayan isa sama. Da za su ƙi buɗewa, dole a juyo gida cikin sa'o'i. A Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, ruwa ne ke kwashe zafin ɗakuna ya miƙa wa amoniya, ita kuma ta zagaya da shi cikin fararen farantai masu iya zubar da kilowat 70. Da famfon ɗaya daga cikin layukan biyu ya tsaya a ƙarshen Yulin 2010, sai da aka kashe na'urori da dama, aka fita waje sau uku kafin a sauya shi. A Disambar 2022 kuma wani ɗan ƙaramin huji ya tsiyaye ruwan sanyaya kumbon Soyuz MS-22 na Rasha yana jingine da tashar. Aka ga hatsari ne a dawo da mutane cikinsa, aka aika wani babu kowa a ciki. Mutum uku da suka je zaman wata shida suka shafe kwana 371.

Abin da wasan ya kama

Masu tsara wasanni sun ɗauki wannan tarihi kowa da nasa salo. A Elite Dangerous na 2014, matuƙi yana iya rufe kafofin fitar da zafi don ya ɓace wa maƙiya, amma sai ya fara dahuwa a ciki, mafitarsa ita ce ya tara zafin a wani dunƙule ya jefar, kamar yadda Apollo ke zubar da ruwa. A Children of a Dead Earth na 2016, jiragen yaƙi suna ɗauke da manyan lagiretoci masu jan haske, kuma wanda aka harbe wa nasa ya gama yawo. Lissafin waɗannan wasanni ba koyaushe yake daidai ba, amma zaɓin da suke ɗora wa ɗan wasa na gaske ne: ƙarin ƙarfi yana nufin ƙarin zafi, ƙarin zafi yana buƙatar ƙarin faranti, faranti kuma nauyi ne da sai an ƙona mai kafin a ɗaga shi.

Wannan lissafi zai ƙara tsananta. Duk shirin tafiya duniyar Mars da injin lantarki mai amfani da nukiliya yana cin karo da gaskiyar cewa yawancin ƙarfin tukunyar nukiliyar zafi ne da za a zubar, shi ya sa a zanen irin waɗannan kumbuna lagireto ne ya fi komai faɗi. Matashin da ya ga rokarsa ta tarwatse a allon kwamfuta, ya koma ya ƙara mata faranti ya rage kaya, yana bin sawun aikin da Wyld ya fara a 1938, wanda Kinzler ya ci gaba da shi da sandunan kamun kifi a 1973, wanda kuma har yau ba a kammala ba.