Tarihin Ruwan Gishiri da Sukari

Hanjin ɗan Adam kashi biyu ne, ƙarami da babba. Kullum ruwa wajen lita tara yakan bi ta cikinsa. Lita biyu ne kawai mutum ke sha, sauran kuwa jiki ne ke zubowa, watau miyau da ruwan ciki da na maɗaciya da na hanjin kansa, don narkar da abinci. Sa'an nan hanji ya tsotse kusan dukansa tare da amfanin abincin, ya mayar cikin jini.

Ciwon kwalara, wanda ake kira amai da gudawa, shi ke ɓata wannan tsari. Dafin ƙwayar cutar yakan sa hanji ya yi ta zubo da ruwa fiye da abin da zai iya tsotsewa, har mutum ya bushe, ya mutu cikin yini guda.

Annobar ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, ta kashe mutane kusan 3,000 cikin 1971, ta kuma sake addabar Jihar Kano cikin 2001 da 2021. A wancan zamani, babban magani shi ne ƙarin ruwa ta jijiya, abin da ke da wuyar samu ga mutumin ƙauye a ƙasar Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa.

Amma tun cikin 1960 wani masani Ba'amurke, Robert Crane, ya gano cewa hanji na ɗaukar sukari da gishiri tare, ruwa kuwa ya bi su. Daga baya aka ga dafin kwalara ba ya toshe wannan hanya. Cikin 1968 likitoci suka jarraba shayar da majiyyata irin wannan ruwa a Dakka, aka dace. Cikin 1971 Likita Dilip Mahalanabis ya yi aiki da shi a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya. Da, cikin ɗari talatin ke mutuwa, sai suka koma ƙasa da huɗu.

To, ga haɗin: tafasasshen ruwa lita ɗaya, sukari cokalin shayi shida, gishiri rabin cokali. Kada a hana mai gudawa ruwa. A yi ta ba shi yana kurɓa, ana kuwa gaggawar kai shi asibiti.