Yadda Makaho Ya Karɓi Akalar Jirgi

Tun 1974, da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga wadda gwamnatin Audu Baƙo ta gina, rayuwa ta sauya a Kura da Bunkure. Ruwa ya biyo kanal ya ratsa gonaki, shinkafa da alkama da tumatir suka zama abin da aka san mu da shi. Mu dai noma da kamun kifi da wanki muka san ana yi da ruwa. A wasu ƙasashen kuwa, irin wannan ruwa fili ne na gasa, har makafi na fafatawa a kansa.

Kwale-kwalen da ake wannan tsere da shi ba shi da inji, ba a kuma tuƙa shi da filafili irin na masuntan Tiga. Babban ƙyalle ake ɗagawa a jikin doguwar sanda, iska ta cika shi ta tura jirgin. Gwaninta ita ce sanin inda iska ta fito da yadda za a karkata mata. Iska kuwa ba a ganinta, a fuska da wuya ake jin ta, jirgin kuma yana faɗa wa mai zaune a ciki halin da yake ciki ta yadda yake kishingiɗa.

An yi gasar duniya ta farko ta makafi a birnin Auckland na ƙasar New Zealand a 1992. Ana raba 'yan wasa aji uku gwargwadon ganinsu: B1 ga wanda ba ya gani sam, B2 da B3 ga masu sauran gani. Jirgi kan ɗauki mutum huɗu, biyu masu lalurar gani, biyu masu ido. Doka ta ce makaho ne zai riƙe akalar jirgi. Mai idon da ke ba shi shawara bakinsa kawai zai yi aiki: ya faɗi inda abokan hamayya suke da tazarar da ta rage, amma ba zai kai hannu ga akalar ba sai in haɗari ya taso.

A tafkin Garda na Italiya aka ƙara matsawa gaba. A 1996 Alessandro Gaoso ya kafa shirin Homerus, wanda ya sauke masu ido daga jirgin gaba ɗaya. Alamomin da ake kewayawa suna yawo bisa ruwa kamar gorar masunta, kowace da irin ƙararta. Shi ma jirgin yana fitar da sauti da ke sauyawa idan ya juya. Jirage biyu ke karawa, kunne na auna nisa.

Daga tafki sai teku. A 2013 Mitsuhiro Iwamoto, ɗan Japan da ya makance yana ɗan shekara 16, ya yi yunƙurin ƙetare tekun Pasifik, jirginsa ya yi karo da wani ƙaton kifi ya nutse, aka ceto shi. A 2019 ya sake tashi daga San Diego ta Amurka, shi ke tuƙi, abokinsa Doug Smith na duba masa hanya, suka isa Fukushima bayan kusan wata biyu ba tare da yada zango ba.

Mu dawo gida. Makafi a ƙasar Hausa sun daɗe da tsarinsu, da Sarkin Makafi da fadawansa da unguwanninsu. An buɗe asibitin ido na mishan a Kano a 1943, makarantar makafi ta Gindiri a 1953. Duk da haka hoton da ya zauna mana a rai shi ne na ɗan jagora a gaba, makaho a baya yana riƙe da ƙarshen sanda. Tseren nan ya juya wannan jeri: mai ido ya kawo labari, makaho ya yanke hukunci.

Mu masu rubuta manhaja wannan ya shafe mu kai tsaye. Wayar da ke hannunka tana da TalkBack ko VoiceOver, masu karanta wa makaho abin da ke allo, tana kuma sanin gabas da yamma da inda kake tsaye. Idan muka ƙera manhaja muka bar maɓalli babu suna, mun mayar da mai amfani da ita hannun ɗan jagora, ko kuɗi zai tura sai ya ba wani lambar sirrinsa.

Ruwa ba abin wasa ba ne, kifewar jirgin Bagwai a Nuwamban 2021, da ta ci ɗaliban Islamiyya da dama, ta isa darasi. A wannan gasa ana sa rigar kariya, jiragen ceto na biye da 'yan wasa. Da irin wannan shiri, da iskar hunturu da ke kaɗawa a Tiga, makahon Bunkure ma zai iya koyon tuƙi. Abin da zai fara nema a wurinmu shi ne mu sakar masa akalar.