Laifin Harshen Kwamfuta Ne Ko Na Mai Rubuta Manhaja?

A wannan makon za mu leƙa wata tsohuwar muhawara ta masu rubuta manhajar kwamfuta: idan manhaja ta yi ɓarna, wa za a kama, harshen da aka rubuta ta da shi ko wanda ya rubuta ta? Muhawarar ta shafe mu, domin mu ma harshe da na'ura ne kayan aikinmu.

Ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta. An rubuta manhajarta da Ada, harshen da aka ƙera musamman don ya riƙa kama kurakurai. Bincike ya nuna cewa an ɗauko manhajar ce daga tsohuwar roka Ariane 4, kuma injiniyoyi sun bar wani lissafi ba kariya, don a tsohuwar rokar adadin ba ya taɓa fin ƙarfin gurbinsa. A sabuwar sai ya fi. Harshen ya tanadi kariya, mutane ne suka ga ba sai sun sa ta a wurin ba.

Mu ma muna da namu tarihin. Tun shekarun 1930 rubutun boko ya samu haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ. Amma da aka tsara ASCII a Amurka a 1963, gurbi 128 kacal aka yi, kuma babu namu ko ɗaya a ciki. A wancan lokacin uzuri ya kama mai buga Hausa a kwamfuta. Shi ya sa a shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro salon haruffan Rabi'at da Abdalla. Sun yi amfani ƙwarai, sai dai in aka buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da su, wasu alamomi daban ne ke fitowa a madadin haruffan.

Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafinmu lambarsa ta dindindin. Yau wayar da ke hannun ɗalibi a Birnin Kudu ko Gwaram tana iya rubuta su duka, da zarar ya saka allon rubutu na Hausa irin na Gboard. Duk da haka har gobe muna ganin "qasa", "k'asa" da "kasa" a labari ɗaya, an bar mai karatu yana lalube ko ƙasa ake nufi ko kasawa, ko ɗaki ake nufi ko "da ki".

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kayan aiki na iya gazawa, kamar yadda ASCII ya gaza mana, amma shi ma mutane ne suka zauna suka tsara shi ba tare da sun tuna da mu ba. Yanzu da aka gyara, alhakin ya dawo wuyanmu. Kafin ku tura labarinku na wannan makon, ku saka allon Hausa, ku bi rubutun layi-layi ku mayar wa kowane harafi lanƙwasarsa.

Allah Ya ƙara basira.