ZARE: Daga fartanya zuwa tsintsiya, tarihin kujerar Hadejia a majalisar tarayya 🧵

1/
Jiya da daddare gardama ta kaure a majalisarmu ta masu shayi. Wani ya ce mutanen Hadejia ba su taɓa zaɓen kowa ba sai jam'iyyar da iska ta kaɗo. Wani ya ce wallahi ƙarya ne. Na ce to bari in jero tarihin tun daga tushe, kowa ya yanke hukunci da kansa. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/
Da farko mu san filin. Masarautar Hadejia ƙananan hukumomi 8 ce: Hadejia, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Guri da Kirikasamma. Su takwas ɗin nan su ne mazaɓar sanata ta Jigawa ta Arewa maso Gabas. Wato sanata ɗaya, masarauta ɗaya.

3/
A Majalisar Wakilai kuma an raba mu gida uku:
• Hadejia/Auyo/Kafin Hausa
• Malam Madori/Kaugama
• Birniwa/Guri/Kirikasamma
Kujeru 3 kenan cikin 11 na Jigawa, cikin 360 na ƙasa baki ɗaya. Ta farkon ita ce kujerar garin Hadejia, kuma a kanta za mu fi tsayawa.

4/
Mu koma baya. A watan Afrilu na 1906 sojojin Turawa suka auka wa Hadejia, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, ya yi shahada tare da jama'arsa masu yawa. Daga nan aka sa ƙasar ƙarƙashin Lardin Kano, ana mulkinta ta hannun En'e. Sama da shekara 40 bayan haka babu wani abu wai shi ƙuri'a. Talaka dai ya biya haraji, makiyayi ya biya jangali.

5/
Zaɓe ya shigo Arewa a 1951, amma irin na hawa-hawa. Masu biyan haraji a ƙauye su zaɓi wakilai, waɗannan su je gunduma su zaɓi wasu, a haka har a kai matakin lardi. Kafin a kai ƙarshen tsanin an tace kowa, mafi yawan waɗanda suka rage ma'aikatan En'e ne da masu sarauta.

6/
Jam'iyyu biyu ne suka ja daga a lokacin. NPC ta su Sardauna mai alamar fartanya, da NEPU ta su Malam Aminu Kano mai alamar tauraro, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Ku tuna fa, kotun alƙali, 'yan doka, gidan yari da haraji duk a hannun En'e suke. Shiga NEPU a ƙasar sarauta a wancan zamani sai mai ƙarfin hali.

7/
Ranar 12 ga Disamba 1959 aka yi babban zaɓen tarayya na gab da samun 'yanci. Kowane ɗan takara da akwatinsa mai ɗauke da alamarsa, ka shiga ɗaki ka jefa takardarka a wanda kake so. NPC ta kwashe mafi yawan kujerun Arewa, NEPU ta tsira da 8 kacal.

8/
Abin da matasa da yawa ba su sani ba: duk zaɓukan nan maza kaɗai suka yi su. Matan Kudu suna jefa ƙuri'a, matan Arewa suna gida. Sai a 1979 mace a Hadejia ta fara zaɓen ɗan majalisar tarayya da shugaban ƙasa. Idan kakarku tana raye, ku tambaye ta ranar. Da yawansu suna tunawa sarai.

9/
Sojoji sun karɓi mulki a Janairun 1966, aka rufe siyasa shekara 13. A cikin shekarun nan ne aka yi abin da ya fi kowane zaɓe taɓa rayuwar mutumin fadama: gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano, aka kammala a 1974. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

10/
1979, an dawo siyasa. Hadejia tana cikin tsohuwar Jihar Kano. NPN mai gida da masara ta ci shugaban ƙasa da Shehu Shagari, amma a Kano makullin PRP ne ya buɗe ƙofa. Abubakar Rimi ya zama gwamna, PRP ta lashe kujerun sanata 5 na jihar gaba ɗaya, har da ta yankinmu.

11/
Nan wanda ya ce "ƙarya ne" ya samu maki ɗaya. A 1979 yankin nan ya tsaya a ɓangaren adawa da gwamnatin tarayya. 'Ya'yan waɗanda aka ɗaure don sun yi NEPU su ne suka ga jam'iyyar Malam ta hau mulkin jiha.

12/
Sai dai daɗin bai jima ba. PRP ta tsage biyu: 'yan Santsi na Rimi da 'yan Taɓo na Malam. Mu mutanen bakin kogi mun fi kowa sanin santsi da taɓo, ga shi sun zama sunan siyasa 😅 Gidaje sun rabu, abokai sun daina gaisawa a kan wannan rigima.

13/
Rigimar ta taɓa Hadejia kai tsaye. A 1981 Rimi ya ƙirƙiro sababbin masarautu, cikinsu har da Auyo, wadda aka yanka daga ƙasar Hadejia. Malam ya rasu a Afrilun 1983, Rimi ya koma NPP ya sha kaye, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya hau ya soke masarautun. Wata uku da hawansa sojoji suka sake kifar da komai, 31 ga Disamba 1983.

14/
Ku lura, Auyo da Hadejia da aka raba aka sake haɗawa, yau kujera ɗaya suke zaɓa tare da Kafin Hausa. Shi ya sa duk lokacin fid da gwani za ku ji ana "ai yanzu lokacinmu ne". Maganar karɓa-karɓa tsakanin garuruwan uku tana da tsohon tushe.

15/
27 ga Agusta 1991, Babangida ya ƙirƙiro Jigawa, hedikwata Dutse. A Hadejia abin bai yi daɗi ba ko kaɗan, domin mutane sun sa rai da jiharsu ko aƙalla hedikwata. Tun daga ranar neman Jihar Hadejia ya zama abin da ɗan takara ke ɗagawa a kamfe, kuma ake sake miƙawa duk sanda aka zo gyaran tsarin mulki.

16/
Jamhuriya ta uku jam'iyyu biyu ne, gwamnati ce ma ta ƙirƙire su: SDP mai doki da NRC. Zamanin zaɓen bin layi kenan, ka tsaya bayan hoton wanda kake so kowa yana kallonka. Jigawa ta bi doki, Ali Sa'ad Birnin Kudu ya zama gwamna. A zaɓen 12 ga Yuni 1993 kuma Abiola ya kada Bashir Tofa a Jigawa, duk da Tofa ɗan Kano ne.

17/
A tsakiyar wannan hayaniya, 1992, aka kammala madatsa ta biyu, ta Challawa. Kogin Kano da Kogin Challawa su ne ke haɗuwa su zama Kogin Hadejia. Ma'ana daga wannan shekara, duka manyan hannayen kogin biyu suna da makulli, kuma makullin ba a Jigawa yake ba.

18/
1999 zuwa yau, ga yadda gidan gwamnati a Dutse ya juya:
• 1999, Saminu Turaki, APP da ta koma ANPP
• 2007, Sule Lamido, PDP
• 2015, Badaru Abubakar, APC
• 2023, Umar Namadi, APC
Masara, lema, tsintsiya. Yanzu ku kalli kujerar sanatanmu a gefensa.

19/
• 2007 da 2011, Abdul'aziz Usman, PDP
• 2015, Ubali Shittu, APC
• 2019, Ibrahim Hassan Hadejia, APC
• 2023, Ahmad Abdulhamid Malam Madori, APC
Kun gani? Tun 2007 duk jam'iyyar da ta ci gwamna ita ke da sanatan. Nan kuma mai cewa "iska muke bi" ya rama makinsa.

20/
Amma 2011 tana da darasi na musamman. A shekarar mutanen Jigawa sun ba Buhari na CPC rinjaye a zaɓen shugaban ƙasa, sannan suka mayar da Lamido na PDP gwamna, suka ba PDP kujerun sanata uku. Mutum ɗaya, alƙalami a wannan takarda, lema a waccan. Wato in mun ga dama mun iya rarrabewa.

21/
2015 kuwa guguwar "sak" ce. An zo da na'urar tantance kati, an ce daga sama har ƙasa tsintsiya. Mutane da yawa sun dangwala ba tare da sun san sunan ɗan majalisar da ke kan takardar ba. A wannan zaɓe Usman Ibrahim Auyo na APC ya ɗauki kujerar Hadejia/Auyo/Kafin Hausa, ya sake ci a 2019 da 2023.

22/
A maƙwabta ma haka zancen yake. Abubakar Hassan Fulata yana wakiltar Birniwa/Guri/Kirikasamma tun 2015, Makki Abubakar Yalleman yana wakiltar Malam Madori/Kaugama tun 2019. Dukansu APC.

23/
Sai babban lamarin 2023. Shekaru da dama rabon masarautar nan a Dutse bai wuce kujerar mataimaki ba: Ibrahim Hassan Hadejia ya yi wa Turaki, ya yi wa Badaru, sannan Umar Namadi ya gaje shi a 2019. Ranar 18 ga Maris 2023 Namadi, ɗan Kafin Hausa, ya kada Mustapha Sule Lamido. Karo na farko da ɗan masarautar Hadejia ya zama zaɓaɓɓen gwamnan Jigawa, bayan shekara 32 da kafa jihar.

24/
To a gardamar tamu wa ya yi gaskiya? Kowa da rabonsa. Mun taɓa yin adawa, mun taɓa raba ƙuri'a, amma tun 2007 kujerun tarayya suna bin gidan gwamnati. Abin da ya fi damuna shi ne tambayar da ba mu yi a majalisar shayin ba: kujerar nan ta mece ce?

25/
Mu dawo kan kogin. Kafin madatsun, ruwa yana zuwa da damina ya malale fadama, da rani ya janye. Manomi ya yi shinkafa, masunci ya kama kifi, makiyayi ya samu ciyawa bayan ruwa ya ja. Kowa ya san lokacinsa, kakanni sun gina rayuwa a kan wannan juyi.

26/
Bayan madatsun, ana sakin ruwa har da rani, magudanan ba sa bushewa, yashi da laka suna taruwa. A nan kachala ta samu gida. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye amfanin gona. Wani ƙauyen ruwa ya yi masa yawa, wani a ƙasa yana jira bai iso ba.

27/
In kuma damina ta yi ƙarfi, kun san sauran. 2018, 2020, 2022. Wanda ya kwana a bakin jinga yana cika buhu da ƙasa don kada ruwa ya shigo gari ba ya buƙatar a ba shi labari. Matasa ne suka yi wannan aikin, da fitilar waya a hannu, wasu ko takalmi babu.

28/
Ga inda tarihin zaɓe ya haɗu da kogin. A tsarin mulkin 1999, ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya hurumin tarayya ne. Kogin Hadejia ya taso daga Kano, ya ratsa Jigawa, ya haɗu da na Jama'are ya shiga Yobe, ya nufi Tafkin Chadi. Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are ta tarayya ce, kuma Majalisar Tarayya ce ke amincewa da kasafinta duk shekara.

29/
Ma'ana kuɗin yashe kogi, cire kachala, gyaran jinga da tsarin sakin ruwa daga Tiga da Challawa, duk suna bi ta teburin da muke aika mutum huɗu: sanata ɗaya, wakilai uku. Kansila ba shi da iko a nan. Ko gwamna sai dai ya roƙa ko ya taimaka da nasa.

30/
A yi adalci, ba a zauna haka kawai ba. Aikin noman rani na Kwarin Hadejia da ke Auyo, wanda ya daɗe yana jan ƙafa, an gyara shi da tallafin Bankin Duniya, Buhari ya zo ya buɗe shi a Janairun 2023. Manoman shinkafa da alkama sun amfana. Wannan ya nuna in aka matsa a Abuja, abu yana motsi.

31/
Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da me muke auna ɗan majalisa? Babur nawa ya raba, wa ya kai Makka, wa ya ba takardar aiki, ya zo ta'aziyya ko bai zo ba. Duk suna da daɗi a ranar. Buhun shinkafar da aka ba ka a kamfe, ambaliya ɗaya tana cinye ninkinsa hamsin a gonarka.

32/
2027 tana tafe. Ko wace alama mutum ya riƙo, ga tambayoyin da za ku ajiye masa:
• Nawa aka ware wa yashe Kogin Hadejia a kasafin bana, nawa aka saki?
• Wane kwamiti kake ciki, ko za ka nema?
• Me za ka yi kan sanar da ƙauyuka kafin a saki ruwan madatsa?
In ya fara kame-kame, kun samu amsa.

33/
Kuma ku sani, tun 2018 an rage shekarun takarar Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25. Da yawanku masu karanta wannan kun isa ku tsaya, balle ku yi zaɓe. Wanda bai da katin zaɓe ya nema. Wanda ya yi rajista a Kano ko Abuja ya dawo gida, ya nemi a mayar masa da rumfarsa.

34/
Iyakar abin da na tattaro kenan. Dattawan da suka ga zamanin Santsi da Taɓo, da iyayenmu mata da suka yi layin 1979, ku tambaye su ku kawo mana abin da suka ce a ƙasa. Mutanen Guri, Birniwa da Kirikasamma, zare na gaba naku ne in Allah Ya yarda. Allah Ya kare mana garuruwanmu daga ambaliya, Ya ba mu wakilai nagari. Ku tura wa na gida. 🙏