Madara da Kuɗin Gwamnati a Gundumar Clark

Gundumar Clark tana tsakiyar jihar Wiskonsin a Amurka, hedikwatarta Neillsville, kuma duk faɗin jihar babu gundumar da ta kai ta yawan gonakin shanun tatsa. A gabashinta, kusa da garin Colby, aka fara yin cukun da ke amsa sunan garin a 1885. Sai dai kusan ƙarni guda ke nan ba kasuwa kaɗai ke yanka wa madarar wannan yanki farashi ba. Da hannun gwamnatin tarayya da ke Washinton a ciki.

Tushen al'amarin yana cikin 1933, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, farashi ya faɗi warwas, har manoman Wiskonsin suka riƙa tare hanyoyi suna malalar da madara a ƙasa. Gwamnati ta shigo sannu a hankali, sa'annan a dokar noma ta 1949 ta ɗauki alkawari mai ɗorewa: duk sa'ad da farashi ya sauka ƙasa da mizanin da aka sa, za ta saye man shanu da cuku da garin madara ta adana. Manomi bai karɓi kuɗi a hannu ba, amma ya san akwai mai saye wanda ba ya cewa ya ƙoshi.

A 1977, zamanin Shugaba Jimmy Carter, aka ɗaga mizanin, kuma kafin ƙarshen 1980 ya kai dala 13.10 kan kowace laba 100. Manoma suka yi abin da hankali ya ba su, suka ƙara shanu, suka ƙara tatsa, rumbunan gwamnati suka cika suka batse, har aka koma ajiya a kogunan ƙarƙashin ƙasa a jihar Mizuri. A Disamban 1981 Shugaba Ronald Reagan ya ba da umarnin raba wa mabuƙata cuku laba miliyan 30, rarar kuwa ba ta daina taruwa ba.

Daga nan aka juya akala. Gwamnatin da ta ƙarfafa tatsa ta koma biyan manomi don ya rage, dala 10 kan kowace laba 100 a 1984. Da hakan bai wadatar ba, dokar 1985 ta zo da mataki mafi tsanani: a biya mutum ya rabu da garkensa gaba ɗaya, a yanka ko a fitar waje, ya kuma nisanci sana'ar shekara 5. Manoma kimanin 14,000 a faɗin ƙasar suka amsa, shanu fiye da miliyan 1 suka tafi, farashin nama ya karye, masu kiwon shanun nama suka garzaya kotu.

Shirye-shiryen da suka biyo baya sun fi tausaya wa ƙaramin manomi. Na 2002 ya tsayar da biyan kuɗi a laba miliyan 2.4 a shekara ga kowace gona, na 2018 ya fifita laba miliyan 5 na farko. Sun rage raɗaɗi, amma ba su tsayar da rufe gonaki ba. Wiskonsin da ke da gonakin tatsa kimanin 16,000 a 2004 ta koma ƙasa da 6,000 a 2024, alhali madararta ta haura laba biliyan 30 a shekara. A Clark kuwa, kaso mai yawa na ƙananan gonakin da suka saura suna hannun iyalan mabiya ɗariƙun Amish da Mennonite ne, waɗanda da dama cikinsu aƙidarsu ta hana su karɓar tallafin gwamnati.